Wace manhaja ce ta dace da binciken eQTL idan ƙwayoyin halitta suna cikin yanayi daban-daban?

Hadiza B.

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan fanni. Rukunin binciken da nake ciki ya karɓi jinin mutane 120, an ware fararen ƙwayoyin jini, sannan aka raba na kowane mutum kashi uku: kashi na farko an bar shi yadda yake, na biyu an zuba masa interferon-gamma, wani furotin da garkuwar jiki ke aika saƙo da shi, na uku kuma an zuba masa LPS, sinadarin nan na bangon wasu bakteriya da ke tayar da garkuwar jiki. An karanta RNA na ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, kuma muna da bayanan DNA na kowane mutum.

Aikina shi ne in gano eQTL, wato wuraren da bambancin harafi a DNA yake sauya yawan RNA da wata ƙwayar gado ke fitarwa, sannan in ware waɗanda tasirinsu yake canzawa idan an tayar da ƙwayoyin halittar. Shirin da na tsara shi ne in dunƙule ƙwayoyin kowane mutum bisa nau'i da yanayi, in gudanar da Matrix eQTL a kowane rukuni shi kaɗai, in ɗauki sakamakon da ya tsallake FDR, wato ma'aunin yawan sakamakon ƙarya da aka yarda da shi, na kashi 5 cikin ɗari, in kwatanta jerin sunayen. Duk wanda ya fito a LPS bai fito a yanayin hutu ba sai in ce na LPS ne. Kafin in fara ina so in ji ko wannan hanya tana da inganci, ko kuma gara in koma tensorQTL ko QTLtools, da kuma inda mashr da CellRegMap suke shigowa, domin na ga ana yawan ambatonsu amma ban fahimci wane aiki kowannensu yake yi ba.

Dakta Sani

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Tambayarki tana da ɓangare biyu, kuma wanda kika fi damuwa da shi, wato zaɓin manhaja, shi ne mai sauƙi.

Matrix eQTL, wadda Andrey Shabalin ya fitar a 2012, da FastQTL ta 2016, da QTLtools ta 2017, da tensorQTL ta 2019, duk lissafi ɗaya suke yi a asali: suna duba ko adadin wani harafi da mutum ya gada, 0 ko 1 ko 2, yana tafiya tare da yawan RNA bayan an cire tasirin wasu abubuwa kamar jinsi da shekaru da asalin zuriya. Idan kika ba su bayanai iri ɗaya, girman tasirin da za su ba ki zai zo kusan daidai. Inda suka bambanta shi ne yadda ake gyara ƙimar p, wato yiwuwar samun irin wannan sakamako da sa'a kawai idan babu tasiri, saboda yawan gwaji. Kowace ƙwayar gado ana gwada ta da dubban haruffan da ke tsakanin harafi miliyan ɗaya gaba da baya daga inda karatunta yake farawa, kuma waɗannan haruffa ba 'yantattu ba ne, maƙwabta suna tafiya tare a gado. FDR da Matrix eQTL take bayarwa tana lissafa dukkan gwaje-gwajen a tare, ba ta amsa tambayar ko wannan ƙwayar gado tana da eQTL ko ba ta da shi. FastQTL ce ta kawo dabarar gauraya samfura sau da yawa, a dace sakamakon da rarrabuwar beta, a samu ƙimar p guda ɗaya ga kowace ƙwayar gado, kuma QTLtools da tensorQTL sun gaji wannan dabara. Da nau'o'in ƙwayoyi da dama a yanayi uku, ni tensorQTL zan zaɓa idan kuna da kwamfuta mai GPU, na'urar da ke yin lissafi da yawa a lokaci ɗaya, idan babu kuwa QTLtools ta wadatar ga mutane 120.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwatanta jerin sunaye, kuma a nan ina ba ki shawara ki sauya shiri. Bari in ƙirƙiro misali da lambobi. A ce wani harafi yana da tasiri 0.40 a yanayin LPS tare da ma'aunin kuskure 0.08, a yanayin hutu kuma tasirinsa 0.30 ne da ma'aunin kuskure 0.15. Na farko ya ninka kuskurensa sau 5, zai tsallake gwaji cikin sauƙi. Na biyu ya ninka nasa sau 2 kawai, ba zai tsallake ba bayan gyara. A tsarinki za ki rubuta cewa wannan eQTL na LPS ne kaɗai. Amma bambancin da ke tsakanin tasirin biyu 0.10 ne, kuma ma'aunin kuskuren wannan bambanci, idan an ɗauka samfuran ba su da alaƙa, ya kai kusan 0.17, wanda ke nufin babu wata hujja cewa tasirin ya canza ko kaɗan. Abin da ya canza shi ne ƙarfin gano shi. Masunta biyu ne a kogi ɗaya, ɗaya da babbar koma ɗaya da ƙarama, kuma kifin da ya tsere wa ƙaramar yana nan cikin ruwan. A bayanan ƙwayoyi ɗaiɗaiku wannan matsala ta fi tsanani, domin adadin ƙwayoyin da aka kama daga kowane mutum yana bambanta tsakanin yanayi, musamman monosait, wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini, bayan an tayar da su.

Wannan ba yana nufin eQTL mai amsa tayarwa ƙage ba ne. Binciken Benjamin Fairfax da abokan aikinsa da aka buga a mujallar Science a 2014, wanda ya yi amfani da monosait na mutane 432 da aka zuba wa interferon-gamma da LPS, ya nuna cewa eQTL masu yawa ba sa bayyana sai an tayar da ƙwayoyin. Sai dai dole a gwada bambancin kai tsaye, kuma akwai hanyoyi biyu. Ta farko ita ce a haɗa yanayin biyu cikin lissafi ɗaya a gwada mu'amalar harafi da yanayi. Ki kula a nan: tensorQTL tana da zaɓin gwajin mu'amala, amma tana ɗauka kowane samfuri daga mutum daban yake, alhali ke mutum ɗaya ya bayyana sau uku. Ko dai ki yi amfani da manhajar lme4 ko LIMIX ki sa mutum a matsayin tasirin da ke maimaituwa, ko kuma ki bi hanya mafi sauƙi, ki lissafa wa kowane mutum bambancin RNA tsakanin LPS da hutu a ma'aunin log, ki miƙa wa tensorQTL wannan bambanci a matsayin siffar da ake gwadawa. Hanya ta biyu ita ce mashr, wadda Sarah Urbut da Matthew Stephens da abokan aikinsu suka wallafa a 2019 bayan sun gwada ta a kan sassan jiki 44 na shirin GTEx, babban binciken eQTL a sassan jikin ɗan Adam. Ita ba ta neman eQTL daga ɗanyen bayani. Tana karɓar girman tasiri da ma'aunin kuskure daga dukkan rukunoni, ta koyi salon da tasiri yake yaɗuwa a tsakaninsu, sannan ta gyara kowane ƙiyasi da taimakon sauran. Idan nau'o'in ƙwayoyinki 6 ne a yanayi 3, rukuni 18 ke nan, kuma kwatanta su biyu-biyu zai ba ki gwaji 153 ga kowane harafi, wanda shi ne irin aikin da aka ƙirƙiri mashr dominsa.

Rukayya M.

Na yarda da Dakta a kan batun jerin sunaye, ba ni da ƙari. Inda nake da ɗan saɓani shi ne ɗaukar dunƙulewa a matsayin abin da aka gama magana a kansa.

Dunƙule ƙwayoyi bisa nau'i yana da fa'ida babba, domin yana hana mutum yaudarar kansa cewa ƙwayoyi dubu ɗari samfura dubu ɗari ne, alhali a lissafin gado yawan mutane ne ke ƙidayuwa. Shirin OneK1K, wanda ya karanta ƙwayoyi kimanin miliyan 1.27 daga mutane 982 aka buga a 2022, ya bi wannan hanya a nau'o'i 14 kuma ya ci nasara. Amma amsar da ƙwayoyi ke bayarwa ga interferon ba a kunne ko a kashe take ba. A kwano ɗaya za ki tarar da monosait da suka amsa da ƙarfi, da waɗanda suka amsa kaɗan, da waɗanda kamar ba a zuba musu komai ba, kuma idan kika haɗa su kika ɗauki matsakaici, kin goge ainihin abin da ya sa aka kashe kuɗi a kan karatun ƙwaya-ƙwaya. Aparna Nathan da abokan aikinta sun nuna haka a 2022 da ƙwayoyin T sama da 500,000 daga mutane 259 a ƙasar Peru: kusan kashi ɗaya cikin uku na eQTL da suka gano tasirinsu yana sauyawa bisa halin da ƙwayar take ciki, halin da aka auna a matsayin ma'auni mai hawa da sauka maimakon rukuni. Sun yi amfani da lissafin Poisson mai la'akari da maimaituwar mutum. CellRegMap da kika tambaya, ta Anna Cuomo da Oliver Stegle da abokan aikinsu, irin wannan tambaya take amsawa, tana karɓar ma'aunai da dama da ke bayyana halin ƙwaya ta gwada ko tasirin harafi yana bin su.

Abin lura shi ne waɗannan hanyoyi suna da nauyi ƙwarai, ba a jefa musu dukkan haruffa. Ko a binciken Peru sai da aka fara dunƙulewa aka gano manyan haruffa, wato mafi ƙarfin alama ga kowace ƙwayar gado, sannan aka koma matakin ƙwaya da su kaɗai. Saboda haka shawarata ita ce ki bi tsarin Dakta a matakin farko, amma ki ajiye teburin ƙwayoyi ɗaiɗaiku domin mataki na biyu.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ya zo kafin duk wannan. Ki tabbatar cewa RNA da DNA na mutum ɗaya ne. Idan an haɗa ƙwayoyin mutane da yawa a rami ɗaya na na'urar karatu, demuxlet ko vireo ko souporcell za su raba su, kuma QTLtools tana da sashe mai suna mbv domin gano samfuran da aka musanya. Sannan ki duba yadda aka jera gwajin, ko an karanta dukkan samfuran LPS a rana ɗaya, na hutu kuma a wata rana dabam.

Hadiza B.

Na gode ƙwarai, Dakta, na gode 'yar'uwa Rukayya. Misalin 0.40 da 0.30 ya fayyace mini matsalar. Game da jerin gwajin, an haɗa mutane takwas-takwas a kowane rami, kuma yanayi uku na rukuni ɗaya an karanta su tare, saboda haka ina ganin yanayi bai cakuɗe da rana ba. Tambayoyi biyu suka rage mini. Na farko, abubuwan ɓoye, wato tasirin da ba a auna ba da ke sauya yawan RNA, nawa ya kamata in cire, kuma a kowane yanayi daban ko a haɗe? Na ga GTEx sun yi amfani da manhajar PEER domin gano su. Na biyu, burin shugaban rukuninmu a ƙarshe shi ne a danganta sakamakon da binciken GWAS, wanda ke neman haruffan DNA masu alaƙa da cuta, na cututtukan garkuwar jiki, to ko hakan yana sauya wani abu a zaɓin da zan yi yanzu?

Malam Yusuf

Malama Hadiza, tambayarki ta biyu tana sauya abubuwa da yawa, kuma gara da kika yi ta yanzu kafin ki gudanar da komai.

Danganta eQTL da GWAS ana yin sa da manhajar coloc, wadda Claudia Giambartolomei da Chris Wallace da abokan aikinsu suka fitar a 2014. Tana auna yiwuwar abubuwa biyar a yanki ɗaya: babu alama a ko'ina, alama a siffa ta farko kaɗai, alama a ta biyu kaɗai, alama a duka biyu amma daga haruffa daban, ko kuma harafi ɗaya ne ke haddasa duka biyun. Na ƙarshen, wanda ake kira H4, shi ne kowa ke nema. Domin ta yi wannan lissafi tana buƙatar sakamakon kowane harafi a yankin, har da waɗanda ba su nuna komai ba. Mutane da yawa suna ajiye babban harafi kaɗai na kowace ƙwayar gado domin rage girman fayil, sai daga baya su tarar dole su maimaita aikin. A tensorQTL ki gudanar da zaɓin cis_nominal, mai ba da sakamakon kowane harafi, tare da zaɓin cis, mai ba da babban harafi kaɗai, ki ajiye cikakken sakamakon kowane rukuni. Mashr ma za ta buƙace shi.

Asalin coloc tana ɗauka cewa harafi ɗaya ne kawai mai haddasawa a kowace siffa a yankin, kuma wannan zato yana karyewa sau da yawa, musamman a irin aikinki, inda ƙwayar gado ɗaya za ta iya samun eQTL na dindindin a kusa da mafarinta da wani dabam da ba ya aiki sai an zuba LPS. Maganin shi ne a fara raba alamun da SuSiE, wadda ta fito a 2020, sannan a kwatanta su ɗaya-ɗaya, kuma coloc tana da wannan zaɓi tun 2021. Tunda kina da DNA na mutanenki, ɓangaren eQTL ba shi da matsala, za ki lissafa yadda haruffa ke tafiya tare daga su kai tsaye. Ɓangaren GWAS ne ke da haɗari. Mafi yawan manyan binciken GWAS an yi su ne a kan mutanen asalin Turai, kuma tsarin tafiyar haruffa tare ya fi gajarta a mutanen asalin Afirka. Idan mutanenki da na GWAS ba zuriya ɗaya ba ne, coloc za ta iya ba da H4 ƙasa ba domin babu dangantaka ba, sai domin siffar alamar ta bambanta a al'ummomin biyu. Bambancin zuriya a amsar garkuwar jiki ma abu ne da aka auna: bincike biyu da aka buga a mujallar Cell a 2016, na rukunin Lluis Quintana-Murci a kan monosait da na rukunin Luis Barreiro a kan makrofaj, wani nau'in ƙwayoyin garkuwa, sun nuna cewa wani kaso na bambancin amsa tsakanin mutanen asalin Afirka da na Turai yana da tushe a eQTL.

Sauran abubuwan ƙanana ne amma suna lalata aiki ba tare da wani saƙon kuskure ba. Ki duba ko fayilolin duka a taswirar DNA ɗin ɗan Adam ta GRCh38 suke, domin tsofaffin GWAS da yawa a tsohuwar taswira ta GRCh37 suke. Ki daidaita harafin da aka auna tasiri a kansa a kowane fayil, ki yi hattara da nau'in A/T da C/G, waɗanda ba a iya gane juyewarsu daga haruffan kaɗai. Idan kina son wurin gwada ingancin sakamakonki, eQTL Catalogue na cibiyar EMBL-EBI ya sake sarrafa bincike da dama da tsari ɗaya, ciki har da na monosait da aka tayar, kuma rumbun bayanai na DICE yana da nau'o'in ƙwayoyin garkuwa da aka ware. Idan manyan eQTL ɗinki na monosait ba su maimaitu a can da alkibla ɗaya ba, ki tsaya ki binciki fayilolinki kafin ki ci gaba.

Dakta Sani

Malam Yusuf ya gama da ta biyu, bari in ɗauki ta farko. GTEx a fitowarsa ta 8, mai mutane 838 da sassan jiki 49, ya cire abubuwan PEER 15 idan samfura ba su kai 150 ba, ya ƙara zuwa 30 da 45 da 60 yayin da samfura ke ƙaruwa. Wannan ƙa'ida an tsara ta ne domin naman jiki da aka karanta a dunƙule, ba wajibi ba ne a kanki. Wani nazari na Heather Zhou da Jingyi Jessica Li da abokan aikinsu a 2022 ya nuna cewa PCA ta yau da kullum, dabarar lissafi mai ciro manyan salon bambanci daga bayanai, tana yin aikin daidai da PEER ko fiye, cikin lokaci kaɗan. Ki lissafa su a kowane nau'in ƙwaya da kowane yanayi daban, domin idan kika haɗa yanayin uku, abu na farko da PCA za ta kama shi ne tayarwar kanta. Ki gwada 2 da 5 da 10 da 15, ki zana adadin ƙwayoyin gadon da suka samu eQTL, ki tsaya inda layin ya daina hawa. Ki kuma sa mafi ƙarancin adadin ƙwayoyi da mutum zai kawo kafin a saka shi a rukuni, kuma da mutane 120 ina ganin kada ki sauko ƙasa da kashi 5 cikin ɗari a yawan samun harafin da ya fi ƙaranci a cikin mutane, domin a gwajin mu'amala mutum biyu ko uku masu harafin da ba a cika samu ba suna iya ƙirƙiro sakamako su kaɗai.

Na karɓi gyaran Malama Rukayya a kan mataki na biyu, da sharaɗi ɗaya: ma'aunin halin ƙwaya ana ciro shi ne daga RNA ɗin da ake gwadawa, saboda haka idan ƙwayar gadon da ake dubawa tana cikin waɗanda suka gina ma'aunin amsar interferon, a cire ta kafin a lissafa shi, kuma a gauraya bayanan a tabbatar ƙimar p ba ta kumbura ba.

Game da mashr, tana buƙatar teburi biyu. Ɗaya na manyan haruffa, mafi ƙarfi ga kowace ƙwayar gado a dukkan rukunoni, wanda daga shi ake koyon salon yaɗuwar tasiri. Ɗaya kuma na haruffan da aka ɗebo ba tare da zaɓi ba, wanda da shi ake dace lissafin. Idan aka dace shi da manyan kaɗai, za ta ɗauka tasiri ya cika ko'ina. Tunda mutanenki iri ɗaya ne a rukunoni 18, kurakuransu suna da alaƙa, kuma dole ki ƙiyasta wannan alaƙa daga teburi na biyu da estimate_null_correlation_simple ki ba ta, in ba haka ba za ta ɗauki maimaituwar mutane a matsayin tasirin da rukunoni suka yi tarayya a kai. A ƙarshe za ki samu lfsr, wato yiwuwar an yi kuskure a alkiblar tasiri, kuma get_pairwise_sharing tana ƙidaya tasiri biyu a matsayin ɗaya idan alkiblarsu ɗaya ce kuma babu wanda ya ninka ɗan'uwansa fiye da sau biyu. Ki rubuta wannan ma'auni a sashen hanyoyin bincike, domin adadin eQTL da za ki kira na LPS zai sauya idan kika sauya shi. Idan kin samu sakamakon cis_nominal na monosait a yanayi ukun, ki kawo zanen tasirin hutu a kan tasirin LPS na manyan haruffa mu duba shi kafin ki shiga mashr.